Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Likitoci Da Ma'aikatan Lafiya Na Matakin Farko: “Sanyin Ƙashi” Ba Sunan Cuta Ba Ne

Ya ku 'yan'uwana abokan aiki,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na wanda ya shafe shekaru yana karɓar marasa lafiyar da kuke turowa asibitin ƙwararru saboda ciwon ƙashi da gaɓoɓi. Na zaɓi in yi maganar a fili domin abin da zan faɗa ba laifin mutum ɗaya ba ne, ɗabi'a ce da ta zauna mana a aiki, kuma ni ma na yi ta a farkon aikina. Duk wanda ya shigo yana dafe da gwiwa, ko yana riƙe da ƙugu, ko yana murza yatsun hannu, sai mu ce yana da sanyin ƙashi, mu rubuta masa maganin kashe zafi, mu ce ya dawo idan bai ji sauƙi ba. Kalmar sanyin ƙashi ta mara lafiya ce, kuma yana da haƙƙin ya yi kukansa da ita. Amma idan ta fito daga alƙalamin likita ta shiga katin asibiti, to abin da take nunawa shi ne har yanzu ba a gano cutar ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.71 ne ke fama da cututtukan ƙashi da gaɓoɓi da tsoka, kuma ta ce cututtukan sun haura iri 150. Ba zai yiwu cuta iri 150 su amsa suna ɗaya su sha magani ɗaya ba. A cikinsu akwai wadda motsa jiki ne maganinta, akwai wadda ke cinye mahaɗar ƙashi a hankali idan an bar ta wata shida babu maganin da ya dace, akwai kuma wadda ke iya lalata gwiwa cikin 'yan kwanaki ko ta kai mutum kabari. Mai rarrabe su ba ƙwararren da ke babban asibiti ba ne, ku ne, domin ku kuke fara ganin majiyyaci lokacin da za a iya ceto gaɓar.

Tambaya ta farko da ya kamata likita ya yi wa kansa ita ce ko ciwon na kumburi ne ko na zaizayewa, kuma amsarta tana bakin mara lafiya kafin a ɗebi jininsa. A tambaye shi yadda yake wayar gari. Wanda guringuntsin gwiwarsa ya zaizaye zai ce yana ɗan jin ƙagewa na 'yan mintoci idan ya tashi, sannan ciwon ya yi ta ƙaruwa da tafiya da hawa bene da tsugunno, ya lafa idan ya zauna. Wanda kuma garkuwar jikinsa ce ke yaƙar gaɓoɓinsa zai ce yatsunsa suna sandarewa da safe har tsawon sa'a ɗaya ko fiye, ba ya iya dunƙule hannu ko ɓalle maɓallin riga, sai rana ta ɗaga ya motsa jiki sannan su sake. Bayan tambaya sai hannu: a cire masa takalmi, a naɗe hannun riga, a taɓa gaɓar. Kumburin zaizayewa tauri gare shi kamar ƙashi, kuma ya fi fitowa a mahaɗar da ke kusa da farce da gindin babban yatsa, alhali kumburin ɗaya cutar laushi gare shi da ɗan ɗumi, kuma ya fi kama wuyan hannu da gindin yatsu. Idan aka matse gindin yatsun hannu ko na ƙafa gaba ɗaya a hankali mutum ya zabura, to akwai magana. Duk wannan bai kai minti biyar ba, amma na sha karɓar wanda ya yi shekara biyu yana yawon asibiti, ya ce mini ni ne na farko da ya taɓa hannunsa.

Bari in daɗe a kan amosanin gaɓoɓi na rumatoyid, ɗaya daga cikin cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar gaɓoɓi, domin a nan jinkiri ya fi yin ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke da wannan cuta, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne. Abin da ke faruwa shi ne tantanin da ya lulluɓe cikin mahaɗa yana kumbura ya yi kauri, sannan ya soma cin guringuntsi da gefen ƙashi, kuma wannan cin yakan fara ne tun a cikin shekara biyun farko. Abin da ya ciwu ba ya dawowa. Yatsun da muke gani sun karkace sun lanƙwashe, waɗanda ake nuna wa ɗalibai a hoto a matsayin alamar cutar, a gaskiya alamar an makara ne. Saboda haka ne ƙungiyar ƙwararrun wannan fanni ta Amurka da takwararta ta Turai suka fitar da sababbin ma'aunai a 2010, waɗanda suka karkata ga kama cutar tun kafin hoton ƙashi ya nuna komai. Ina roƙonku, duk wanda kuka ga ƙananan gaɓoɓinsa sun kumbura babu wani dalili bayyananne, musamman idan abin ya kai mako shida, ku tura shi nan take, kada ku jira sakamakon gwaji. Gwajin jinin rumatoyid yakan fito babu komai a wajen mutane da yawa masu cutar, sannan yakan nuna akwai a wajen tsofaffi masu lafiya da masu ciwon hanta, don haka ba ya tabbatar da cutar shi kaɗai, ba ya kuma kore ta.

Maganin da ke riƙe wannan cuta sananne ne kuma tsoho ne, wato metotireksat, wanda aka amince da shi domin ita a Amurka tun 1988. Amma yana da ƙa'idoji da ba a wasa da su. Sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, kuma an rasa rayuka saboda an karanta takarda da kuskure an sha shi kowace rana, shi ya sa nake so a rubuta ranar makon ɓaro-ɓaro a jikin takardar, a kuma sa mara lafiya ya maimaita da bakinsa. Ana haɗa shi da folik asid, ana duba jini da hanta da ƙoda lokaci-lokaci, ba a ba mai juna biyu ko mai shirin ɗaukar ciki, ba a kuma haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kotirimoksazol, domin haɗuwarsu tana iya durƙusar da ɓargo. Yakan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu kafin amfaninsa ya bayyana, kuma idan ba a faɗa wa mutum haka tun farko ba, zai jefar da shi a mako na uku ya ce ba ya aiki. Akwai allurai na zamani da suka fito daga ƙarshen shekarun 1990 ga wanda wannan bai ishe shi ba, sai dai kafin a fara su dole a bincika tarin fuka da ke kwance a jiki da cutar hanta, domin suna iya tayar da su.

Wannan ya kawo ni ga magungunan sitiroyid, irin su firedinisolon da deksametazon, waɗanda su ne suka fi ruɗar mu. A 1948 likita Philip Hench ya ba wata mata da rumatoyid ya kwantar allurar kotizon, wanda shi ma sitiroyid ne, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya, kuma a 1950 shi da wasu masu bincike biyu suka karɓi lambar yabo ta Nobel. Ba a daɗe ba sai illolin suka fara fitowa, kuma har yau ba su canza ba: kumburin fuska, hawan jini, ciwon sukari, yanar ido, raunin garkuwar jiki, laushin ƙashi, da mutuwar kan ƙashin cinya saboda yankewar jini. Mara lafiya yana son maganin domin yana jin sauƙi washegari, likita ma yana son sa domin ana yi masa godiya. Amfaninsa na gaskiya shi ne a ba da kaɗan na ɗan lokaci kafin maganin asali ya kama aiki, da ranar dainawa a rubuce. Wanda kuma ya riga ya yi makonni yana sha, ba a tsayar masa da shi rana ɗaya, sai a rage a hankali, domin jikinsa ya daina samar da nasa sinadarin kuma yana iya faɗuwa rai a hannun Allah. Ku riƙa tambayar majiyyata abin da suke saya da kansu, domin sau da yawa wanda ya ce ba ya shan komai yana haɗiyar wasu ƙwayoyi marasa suna da ke ɗauke da sitiroyid, fuskarsa kuwa ta riga ta ba da labari.

Akwai kuma yanayin da ba ya jiran gobe. Gaɓa guda ɗaya da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, mutum ba ya yarda a motsa ta ko kaɗan, a ɗauka ƙwayoyin cuta ne suka shiga cikinta har sai an tabbatar ba haka ba ne. Rashin zazzaɓi ba ya kore wannan, musamman a wajen tsoho ko mai ciwon sukari ko mai shan maganin rage garkuwa. Hanyar tabbatarwa ita ce a zuƙo ruwan gaɓar da allura a kai ɗakin gwaji, kuma an fi so a zuƙa kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, matuƙar hakan ba zai jawo jinkiri ga wanda jikinsa ya rikice ba. Babban kuskure shi ne a yi wa irin wannan gaɓa allurar sitiroyid, wanda tamkar zuba wa wuta fetur ne. Haka nan yaron da ya fara ɗingishi da zazzaɓi, ko ya ƙi taka ƙafa, ba a sallamar sa da sirof, a duba ƙugunsa ko da gwiwa yake nunawa, domin ciwon ƙugu yakan sauko gwiwa. A wajen mai sikila kuma kada a ɗauki kowane ciwon ƙashi a matsayin tashin ciwon da aka saba, tun da suna cikin waɗanda suka fi kamuwa da ruɓewar ƙashi da mutuwar kan ƙashin cinya. Yaron da ciwo ke yawo daga gaɓa zuwa gaɓa makonni biyu ko uku bayan ciwon maƙogwaro, a saurari zuciyarsa, domin gaɓoɓin za su warke amma zuciyar ce ke ɗaukar tabon.

Cutar gawut, wadda taruwar sinadarin yurik asid a gaɓa ke haddasawa, tana kama da wancan yanayi na gaɓa guda da ta kumbura farat ɗaya, kuma wani lokaci su biyun suna haɗuwa a gaɓa ɗaya. Ta fi farawa da dare a gindin babban yatsan ƙafa, da zafin da ko mayafi ba ya iya taɓa wurin, sannan ta lafa cikin mako ɗaya ko biyu ko da ba a yi magani ba, wanda shi ke sa kowa ya ɗauka an gama. Tun 1848 Alfred Garrod ya nuna cewa sinadarin yurik asid ya yi yawa a jinin masu ita, kuma a 1961 aka tabbatar da ganin ƙanƙararsa mai kama da allura a cikin ruwan gaɓa. Abin da ke ba ni takaici shi ne cuta ce da ake iya kawar da tashinta gaba ɗaya, amma muna ta kashe wutar muna barin garwashin. Maganin kashe kumburi ko kolcisin na lokacin tashi ne kawai. Wanda ciwon ke dawo masa, ko ya fara fitar da ƙulluttai, ko yana da tsakuwar ƙoda, yana bukatar alofurinol, a fara da miligiram 100 ko ƙasa da haka ga mai raunin ƙoda, a riƙa ƙarawa a hankali ana auna jini har yurik asid ya sauka ƙasa da miligiram 6 a kowace desilita, sannan a zauna a kai shekara da shekaru. A sanar da shi cewa ciwon yana iya tashi a watannin farko kuma wannan ba dalilin dainawa ba ne, amma idan ƙuraje suka feso masa a fata ya tsaya ya zo nan take. A kuma tuna cewa yurik asid yakan nuna daidai a tsakiyar tashin ciwo, kuma wanda nasa ya hau ba tare da ya taɓa yin ciwon ba, galibi ba ya bukatar magani. Mun cika ɗora wa abinci laifi har mu hana mutum kusan komai, alhali yawanci matsalar ƙoda ce ba ta fitar da sinadarin yadda ya kamata, sai kuma barasa da ƙiba da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari.

Zaizayewar guringuntsi ita ce kuka fi gani, mutum miliyan 528 a 2019 bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma gwiwa ce ta fi shan wahala. Wanda ya kai shekara 45, ciwonsa na ƙaruwa da aiki, ƙagewar safe ba ta wuce minti talatin, ba lallai ne a ɗauki hotonsa ba kafin a gane cutar, domin hoto da ciwo ba sa tafiya tare: akwai mai mummunan hoto da ke tafiya lafiya lau, akwai mai ɗan canji kaɗan da ba ya barci. Kalmomin da muke furtawa a nan suna da nauyi. Idan muka ce wa dattijuwa gwiwarta ta ƙare, za ta koma gida ta zauna, tsokar cinya ta saki, nauyi ya ƙaru, ciwo ya ninka. Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne ƙarfafa tsokar cinya, da tafiya daidai ƙarfi, da rage ƙiba, da sandar dogarawa a hannun da ke ɗaya ɓangaren, sai maganin shafawa kafin na haɗiya. Ku tura su wajen likitocin gashin ƙashi da wuri, ba sai komai ya gagara ba. Wanda ciwon ya hana shi barci da harkokinsa duk da wannan, aikin sauya mahaɗa, wanda John Charnley ya daidaita na ƙugu a Ingila a farkon shekarun 1960, yana cikin ayyukan tiyata da suka fi nasara.

Game da ibufurofen da diklofenak da danginsu, ba na cewa a daina su, ina cewa a san wanda ake ba wa. Suna jawo gyambon ciki da zubar jini, suna raunana ƙoda, suna tayar da hawan jini, kuma haɗa biyu daga cikinsu ba ya ƙara sauƙi, illa kawai yake ƙarawa. Tiramadol da makamantansa kuwa ɗan amfanin da suke yi a ciwo mai daɗewa bai kai haɗarin sabo da su ba.

Ciwon baya shi ne kan gaba a duniya wajen naƙasa mutane, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari ba a samun wata takamaimiyar cuta a bayansa, yakan lafa cikin makonni idan mutum ya ci gaba da motsi. Kwanciya ta kwana da kwanaki tana ƙara shi ne, kuma saurin ɗaukar hoto yakan nuno canje-canjen shekaru da ke jikin masu lafiya ma, sai mutum ya tafi da tsoron da bai zo da shi ba. Aikinmu shi ne mu tsamo 'yan kaɗan ɗin da ke cikin haɗari. Wanda fitsari ya riƙe masa ko yake zubo masa, ko ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyinsa, ko ƙafafunsa ke mutuwa, jijiyoyin ƙarshen laka ne aka danne, kuma a ranar ya kamata likitan tiyata ya gan shi. Wanda ke ramewa da zazzaɓin dare da gumi, a tuna da tarin fuka na ƙashin baya, wanda Percivall Pott ya bayyana tun 1779 kuma har yau yana gurgunta mutane. Wanda ya taɓa yin ciwon daji, a ɗauka ya bazu har sai an duba. Sai kuma matashin da bai kai shekara 45 ba, wanda bayansa ya fi wata uku yana ciwo, yana tashe shi a ƙarshen dare, yana sauƙi idan ya motsa, yana tsananta idan ya huta: wannan kumburin mahaɗun ƙashin baya ne, kuma irin waɗannan matasa sukan yi shekaru ana ce musu gajiya ce ko raki.

Laushin ƙashi ba ya ciwo sai ya karye, shi ya sa muke mantawa da shi. Macen da ta daina al'ada ta yi tuntuɓe daga tsaye wuyan hannunta ya karye, ko dattijon da tsawonsa ya ragu bayansa ya ranƙwafa, ƙashinsu ne ke ba da sanarwa, kuma karaya ta farko tana ƙara haɗarin ta biyu sosai. Mukan sa filasta mu sallame su, sai bayan 'yan shekaru su dawo da karayar ƙugu, wadda da yawa ba sa sake tafiya da kansu bayanta. Tun 1994 aka tsayar da ma'aunin ƙarfin ƙashi na maki 2.5 ƙasa da na matashi mai lafiya a matsayin iyakar cutar, amma inda babu na'urar aunawa, karayar ƙugu ko ta ƙashin baya daga ƙaramar faɗuwa ta isa hujjar fara magani. Ana ba da maganin alendironat sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, a zauna a miƙe minti talatin, bayan an tabbatar ƙoda lafiya kuma babu ƙarancin kalsiyam da bitamin D. Duk wanda zai sha sitiroyid wata uku ko fiye, a yi tunanin ƙashinsa tun ranar farko.

Abu biyu zan ƙara a gurguje. Budurwa ko matashiyar mace mai ciwon gaɓoɓi da zubar gashi da gyambon baki da ƙurajen fuska, a yi tunanin cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke yaƙar sassan jiki daban-daban, kuma kafin gwaje-gwaje masu wuyar samu a duba fitsarinta, domin furotin ko jini a ciki yana nufin ƙoda ta shiga. Wanda ya haura shekara 50 kuma ya zo da sabon ciwon kai a gefen goshi, da gajiyar muƙamuƙi idan yana tauna, da dishi-dishin gani, alamar kumburin jijiyoyin jini na gefen kai ke nan, kuma wannan ne wurin da ake ba da sitiroyid mai yawa a ranar ba tare da jira ba, domin idon da ya tafi ba ya dawowa.

Na san yawan mutanen da ke layinku da ƙarancin lokacinku, kuma ba na neman ku zama ƙwararrun gaɓoɓi. Abin da nake roƙo shi ne idan za ku rubuto mini takardar turo majiyyaci, ku faɗa mini gaɓoɓin da suka kumbura da sunayensu, da tsawon lokacin da abin ya ɗauka, da mintocin ƙagewar safe, da duk maganin da ya sha har da wanda ya saya da kansa, da yadda ƙodarsa take. Idan kuma kuna zargin ƙwayoyin cuta a gaɓa, ko dannewar jijiyoyin laka, ko barazana ga ido, to kada ku tsaya rubuta takarda, ku kira ta waya mara lafiyar yana zaune a gabanku.

Naku abokin aiki,
Wani likitan cututtukan gaɓoɓi